Tsohuwar Motar da ke Rumfa: Kafin a Gyara ko a Sayar, a San Abin da Ta Fito da Shi Daga Kamfani

Idan ana maganar kayan gado, hankalinmu ya fi zuwa kan gwal da gida da gona da takardun fili. Yau za mu leƙa wani sashe da galibi ake bar wa maza su yanke hukunci a kai, alhali kason mata da na marayu yana ciki. Maganar tsohuwar mota ce.

Ba kowace tsohuwar mota nake nufi ba. Akwai irin waɗanda Turawa suka ƙera domin gudu da ƙawa daga shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1970: ƙanana, masu ƙofa biyu, galibi kujera biyu, wasu ma ana cire rufinsu. Cikinsu akwai Mercedes-Benz SL da Jaguar E-Type da Porsche 911 da Chevrolet Corvette da MG da Triumph. A Jamus da Ingila da Amurka waɗannan motoci sun zama kadara, ana gwanjonsu kamar yadda ake gwanjon kayan tarihi. 'Yan kaɗan daga cikinsu sun shigo ƙasashenmu tun wancan zamani, kuma har yau akan tarar da ɗaya a rumfar wani tsohon gida, tayoyinta sun kwanta, ƙura ta rufe ta, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Ranar da aka tashi rabon gado, mutum biyu ne ke fara sallama. Na farko ɗan gwangwan ne, shi nauyin ƙarfe kawai yake aunawa. Na biyu dillali ne wanda ya san abin da yake kallo, kuma makaminsa jumla ɗaya ce: "Ai an taɓa ta, dubi nan, ba haka kamfani ke yi ba." Idan kuwa maigida ko yaronki ne ke son sayen irin wannan mota daga waje, jumlar ta juya: "Wannan ta musamman ce, guda kaɗan aka yi irinta." Duka maganganun biyu sun rataya a kan tambaya guda: wannan baƙon abu da ke jikin motar, da shi ta fito daga kamfani, ko wani ne ya ƙara daga baya? Amsar ba a bakin dillali take ba. Tana cikin lamba da takarda da jikin motar kanta, kuma ke ma za ki iya bin sawunta da wayar da ke hannunki.

Me ya sa asali ke da tsada?

A cinikin motar hawa ta yau da kullum, sabon fenti da sabuwar kujera suna ƙara kuɗi. A kasuwar waɗannan tsofaffin motoci abin ya sha bamban. Mai saye tarihi yake biya, don haka tsohon fenti na kamfani da ya koɗe zai iya fin sabon fenti mai sheƙi daraja. Tsohon zuma ai da shi ake magani.

Ga misali. A 1954 aka nuna Mercedes-Benz 300 SL a birnin Niyok, motar nan da ƙofofinta ke buɗewa sama kamar fikafikan tsuntsu. Daga 1954 zuwa 1957 guda 1,400 kacal aka ƙera. A cikinsu, 29 ne aka yi wa bodi na alminiyom zalla, sauran na ƙarfe ne. Daga nesa ba ki bambance su, amma a gwanjo ta ƙarfen kanta tana haura dala miliyan ɗaya, ta alminiyom ɗin kuwa tana ninka wannan sau da yawa. Ke nan abu guda da kamfani ya yi ko bai yi ba shekaru 70 da suka wuce shi ne ke raba farashi da farashi.

Kada wannan ya sa a fara mafarkin miliyoyi. Mafi yawan tsofaffin motocin da ke gidajenmu na hawa ne, masu ƙofa huɗu, darajarsu daidai gwargwado. Amma hanyar binciken ɗaya ce, kuma sanin gaskiyar abin da ke hannu shi ne ke hana a sayar da doki a farashin jaki.

Abin da ido ke ɗauka aibi ne

Babban tarkon shi ne, abubuwa da yawa da suka yi kama da kuskure ko aikin mai walda na bakin titi, ainihin aikin kamfani ne.

Mu koma kan 300 SL ɗin nan. Sitiyarinta yana karyewa ya kwanta ƙasa, wanda bai sani ba zai ce ya lalace. Da gangan aka yi shi haka, saboda dokin ƙofar yana da tudu sosai, direba ba ya iya shiga sai ya kwantar da sitiyarin. Gilasan ƙofarta ma ba a murɗa su ƙasa, cire su ake yi gaba ɗaya.

Ƙanwarta da aka yi daga 1963 zuwa 1971, wato 230 SL da 250 SL da 280 SL, rufinta a lotse yake a tsakiya, kamar wani ya zauna a kai. Haka aka zana shi, har aka yi mata laƙabi da Pagoda saboda ya yi kama da rufin wasu gine-ginen ƙasashen Asiya. Wasu daga cikin waɗannan motoci suna da wata 'yar kujera guda a baya da ke kallon gefe maimakon gaba. Wasu kuma ba su da rufin tanti ko kaɗan, a gurbinsa akwai benci mai naɗewa, ana kiran wannan samfuri na Kalifoniya. Duka biyun zaɓi ne da mai saye kan nema daga kamfani. Dillali zai iya nuna miki su ya ce an sauya fasalin mota, alhali a rubuce suke a littafin kamfanin.

Porsche 911 ta shekarar 1972 tana da wata 'yar ƙofa a gefen dama, bayan ƙofar fasinja, mai kama da murfin tankin fetur. Ta baƙin mai ce. A wannan shekarar kamfanin ya matsar da tankin baƙin mai gaba domin daidaita nauyin motar. Sai masu zuba mai a gidajen mai suka riƙa kuskure suna ɗura fetur a ciki, saboda haka a shekara ta gaba aka daina. Yanzu masu tara motoci wannan 'yar ƙofar suke nema.

Jaguar E-Type ta fito a 1961 a bajekolin motoci na Janiba. Motocin farko, kimanin 500, makullin bonetinsu a waje yake, sai an sa wani ɗan ƙarfe an buɗe, kuma daɓen ƙasan ƙafar direba a shafe yake, dogon mutum ba ya sakewa a ciki. Daga baya kamfanin ya mayar da makullin ciki, ya kuma zurfafa daɓen. Waɗancan na farkon da ba su da daɗin zama, su ne suka fi tsada a yau.

Labarin da ya fi koyar da darasi shi ne na Corvette ta 1963 a Amurka. An raba gilashin bayanta gida biyu, da sanda a tsakiya. Direbobi suka yi ƙorafin ba sa ganin baya sosai, a 1964 aka koma gilashi guda. Wasu masu ta 1963 suka kai motocinsu aka yanke sandar domin ta yi kama da sabon yayi. A yau mai rababben gilashin ta fi ta 1964 tsada nesa ba kusa ba, waɗanda suka yanke kuwa sun zubar da dukiya da hannunsu. Garin neman gira aka rasa ido.

Wani lokaci ma rashin abu shi ne shaidar asali. Corvette 20 da aka sa wa injin tsere mai suna L88 a 1967 sun fito babu rediyo, babu na'urar ɗumama ciki. Wanda ya ga gurbin a rufe ya ce bari ya kyautata ya sa rediyo, ɓarna ya yi.

Abin da ke burge ido alhali ƙari ne

Ɗaya gefen ma akwai shi, kuma shi ne ke kama mai saye. Duk abin da ya zama ɗan ƙalilan mai tsada, sai an samu masu kwaikwayonsa.

A 1973 Porsche ta yi wani samfuri mai suna Carrera RS, guda 1,580, mai ɗan fiffike a baya kamar jelar agwagwa da rubutu a gefe. Fiffiken da rubutun ana sayar da su a kasuwa har gobe, kuma an liƙa su a jikin 911 na gama-gari masu yawa. Haka Ferrari mai laƙabin Daytona: masu buɗaɗɗen rufi kimanin 120 ne kamfanin ya yi, masu rufi kuwa sun haura 1,200. Da buɗaɗɗun suka yi tsada, sai gareji-gareji suka riƙa yanke rufin masu rufi. Aikin kan yi kyau ƙwarai, amma kama da wane ba wane ba ne. Abin ya kai ga a 2012 kamfanin Mercedes-Benz ya sa aka murƙushe wani bodin kwaikwayo na 300 SL da jami'an kwastan na Jamus suka kama, domin ya zama gargaɗi.

Saboda haka masana kan raba duk abin da ke jikin tsohuwar mota gida uku. Na ɗaya, abin da kamfani ya sa tun a masana'anta. Na biyu, abin da wakilin kamfani ya ƙara kafin ya miƙa wa mai saye na farko, kamar rediyo ko na'urar sanyaya ciki. Yawancin Pagoda da aka sayar a Amurka masu na'urar sanyi, a wurin wakili aka ɗaura musu ita. Irin wannan ƙari yana da mutuncinsa, musamman idan akwai rasit. Na uku, abin da wani mai motar ya sa daga baya. Shi ma ba laifi ba ne, laifin shi ne a sayar da shi da sunan na farko.

Matakin farko: lambar jikin mota

Kowace mota tana da lambarta da ba ta canzawa, wadda makanikai ke kira lambar casis. Kada ki rikita ta da lambar da hukuma ke bayarwa a manna gaba da baya. A tsofaffin motoci ana samunta wuri biyu: a kan ɗan allon ƙarfe da aka kafe, galibi a ɗakin inji ko jikin ƙofa, da kuma wadda aka buga kai tsaye a cikin ƙarfen ƙashin motar. Dole su biyun su zama ɗaya, su kuma dace da ta takarda. Allo ana iya cire shi daga wata mota a kafa a wata, amma bugaggiyar lamba tana da wuyar sauyawa ba tare da an bar tabo ba. Idan kika ga wurin an goge shi ya yi sumul, ko lambobin sun karkace, ko an yi walda kewaye da su, to a dakata.

Lamba mai harufa 17 da muka saba gani a motocin yanzu, daga 1981 ta zama ƙa'ida. Don haka gajeruwar lamba a motar 1965 ba alamar jabu ba ce.

Lambar kanta magana take yi. A Pagoda, idan ta fara da 113.042, to 230 SL ce. Idan 113.043 ce, 250 SL. Idan 113.044 ce, 280 SL. Lambobi biyu da ke biye su ne masu tona asiri: 10 na nufin sitiyarin hagu da giyar hannu, 12 sitiyarin hagu da giyar otomatik, 20 sitiyarin dama da giyar hannu, 22 sitiyarin dama da otomatik. Ita kuwa Carrera RS ta gaskiya, lambarta da 911360 take farawa.

Nan ne tarihinmu ya shigo. Kafin ranar 2 ga Afrilu, 1972, a gefen hagu na titi ake tuƙi a Najeriya, irin na Ingila, kuma motoci sitiyarinsu a dama yake. Gana ma ta sauya a 1974. Don haka motar da aka kawo sabuwa kafin wannan lokaci tana iya zuwa da sitiyarin dama. Idan lambar ta nuna 20 ko 22 amma sitiyari yana hagu, an mayar da shi ne daga baya. Idan kuma har yanzu yana dama, kada wani ya ce miki wannan nakasa ce, yadda aka haife ta ke nan.

Inji ma yana da tasa lambar a buge a jikinsa, haka akwatin giya. Na 280 SL da 130.983 take farawa. Idan lambar inji ta dace da wadda kamfani ya rubuta wa wannan motar, darajarta ta ƙaru. Idan an sauya inji, darajar ta ragu, amma motar ba ta zama banza ba.

Mataki na biyu: takardar haihuwar mota

Manyan kamfanonin nan sun adana bayanan motocin da suka ƙera, kuma da lambar casis ake nemo su.

Mercedes-Benz tana da katin bayani na motocin wancan zamani, wanda ke ɗauke da lambar inji, launin fenti, irin kujera da jerin lambobin duk wani zaɓi da aka ƙara. Sashenta na tsofaffin motoci da ke kusa da Stuttgart shi ke kula da wannan, kuma sai an nuna shaidar mallaka. Porsche ma tana fitar da takardar da ke nuna yadda mota ta bar masana'anta. Motocin Ingila irin su MG da Triumph da Austin-Healey, ana samun takardarsu daga gidan tarihin motoci da ke Gaydon, ita kuma Jaguar tana da gidauniyarta ta tarihi mai yin wannan aiki. Irin wannan takarda kan nuna ranar da aka ƙera motar, launinta na asali, da inda aka tura ta. Idan an aiko ta ne kai tsaye zuwa Afirka ta Yamma, a nan za a gani. A Amurka kuwa, daga 1967 ana liƙa wa Corvette takardar bayaninta a saman tankin fetur, wasu har yau tana nan a liƙe.

Abu biyu za ki riƙe a nan. Na farko, takardar tana faɗin yadda motar da ke da wannan lamba ta fito ne, ba ta rantse cewa motar da ke gabanki ita ce waccan ba. Shi ya sa binciken lamba ya riga ta. Ferrari ta buɗe wani sashe a 2006 da ke duba motar kanta kafin ya ba da shaida, saboda wannan giɓin. Na biyu, takarda ma ana buga ta jabu. Idan ku ne masu saye, kada ku wadatu da hoton da mai sayarwa ya turo ta WhatsApp, a tuntuɓi inda aka ce ta fito. Idan ku ne masu sayarwa, magada su nema da kansu, kada a bar wa mai son saye ya zo ya karanta muku abin da ya ga dama.

Mataki na uku: jikin motar ba ya ƙarya

Ga abubuwan da ido da fitilar waya za su iya gani ba tare da an kwance komai ba.

Fenti. Mai fenti ba kasafai yake kai wa lungu ba. A ɗaga kafet, a leƙa cikin but ƙarƙashin tayar safaya, a duba bayan kujera. Launin da ke can shi ne ya fi kusa da na asali. Idan kika ga feshin fenti a kan robar gilashi ko kan waya, an sake fenti, domin kamfani yana fenti ne kafin ya ɗaura waɗannan.

Walda. Masana'anta tana haɗa ƙarfe da ƙarfe da 'yan ɗigo-ɗigo a jere, tazararsu kusan ɗaya. A Pagoda ana ganin su idan an buɗe boneti, a bakin fikafikan gaba. Inda ɗigon suka ɓace aka ga doguwar walda mai kauri ko wuri ya yi sumul, an sauya wannan sashe. A bonetinta ma an buga wasu lambobin ƙarshe na lambar bodi, wanda ke nuna ko nata ne ko aro aka yi.

Maganaɗisu. Ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana kama ƙarfe, ya saki inda mai gyaran bodi ya cike lotsa da ƙullu mai kauri. Sai dai a yi hattara: ƙofofi da boneti da murfin but na Pagoda na alminiyom ne, bodin Corvette kuwa na faiba ne, maganaɗisu ba ya kama su. Wanda ya ce miki rashin kamawar shaidar haɗari ce, ko bai sani ba, ko yana so ki rasa sani.

Huji da waya. Hujin kamfani yana fita a zagaye tsaf, da fenti a bakinsa. Wanda aka huda daga baya bakinsa yana da kaifi, sau da yawa da tsatsa. Abin da kamfani ya sa, wayarsa tana tafiya cikin damin sauran wayoyi. Abin da aka ƙara, za ki ga wayarsa ita kaɗai, an ɗaure ta da salatif.

Kwanan wata. Kamar yadda kwalin magani ke ɗauke da ranar yi, haka sassa da yawa na mota: gilashi, rim, kayan lantarki, har gangar inji. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Sashen asali an yi shi makonni ko watanni kaɗan kafin ranar ƙera motar. Wanda kwanan watansa ya zo bayan haihuwar motar da shekaru, baƙo ne. Taya da batir da birki da robobi ba sa cikin wannan lissafi, dama an yi su ne don a riƙa sauyawa.

Shaidar da ke cikin akwatinki

A nan ne mace ta fi kowa ƙarfi, domin a hannunmu tsofaffin takardu da hotuna suke kwana. Hoton biki ko na hawan salla da motar ta fito a bayansa zai iya nuna launinta da rim ɗinta da gefen da sitiyari yake a wata shekara sananniya. Takardar kwastan, rasit na saye, tsohuwar inshora, littafin sabis, littafin jagora da ke cikin aljihun mota, makullin safaya, jakar sifana da jak, duk hujja ne, kuma duk suna ƙara kuɗi. A tattara su wuri guda, a ɗauki hotonsu. Idan tsohon direban gidan ko makanikin da ya riƙa duba ta yana raye, a je a gaishe shi, a nemi izininsa a naɗi bayaninsa a waya: yaushe aka sake fenti, an taɓa sauke inji, ta taɓa haɗari? Matambayi ba ya ɓata.

Kafin magada su yanke shawara

Kada a tayar da injin da ya yi shekaru a kwance don a ji ko yana aiki. Fetur ya lalace, baƙin mai ya daskare, tayarwa ɗaya tana iya kashe injin da ake taƙama da shi. Kada a yi fenti, kada a sauya kujera, kada a kankare komai. Kada a zubar da sashen da aka cire, ko ya lalace. Kada a bari a ɗauki rediyo ko tambari ko allon lamba da sunan za a kai a duba. Kada a karɓi kuɗin kafin alƙalami a ranar da aka fara tayi. A nemi ƙima daga mutum biyu ko uku da ba su san juna ba, kuma kada mai ƙimar ya zama shi ne mai saye. Duk abin da aka gano a rubuta shi, a karanta wa dukkan magada, mata da maza, har da wakilin yaran da ba su balaga ba. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana da yunwa a kan dami.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi kuɗin motar muhimmanci. Motar da aka jingine wurin wasan yara ce, kuma tsohuwar ƙofa tana iya rufewa ta ƙi buɗuwa daga ciki. A cikin zafinmu, mintoci kaɗan sun isa a yi asarar da ba ta gyaruwa. A kulle ta, makulli ya zauna a hannunki, but ɗin ma a tabbatar a rufe yake. Idan kuma an gyara ta ana hawa, a tuna cewa kasancewar abu na kamfani ba ya nufin yana da aminci ga yaro. Waccan 'yar kujerar baya mai kallon gefe abar sha'awa ce ga masu tara motoci, amma an yi ta ne a zamanin da kujerar kariya ta yara ba ta yaɗu ba.

Wadda ke da irin wannan mota a gidansu tana iya faɗa mana sunanta da shekararta a ƙasa, mu taimaki juna da abin da muka sani. Amma kada a rubuta cikakkiyar lambar casis, kada a sa hoton takardu, kada kuma a faɗi unguwar da motar take. Masu haɗa jabu lambar gaskiya suke farauta, ɓarayi kuma adireshi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.